Soson Wanke-wanke a Bakin Waya

Wani dare tsohon direba yana hira da autarsa a waya, sai wata ƙara ta shiga tsakaninsu, ƙaras-ƙaras, kamar ana tauna busasshen ganye a cikin kunne.

"Baba, ƙirjinka ne wannan?"

"Waya ce," in ji shi.

Wayar irin mai arahar nan ce ta kan tebur, wadda ake jona wa ɗan akwatin intanet. Autar ce ta aiko da ita don su riƙa gaisawa. Tun zuwan wayar take kwaso duk abin da ya motsa a ɗakin, kukan fanka da gurnanin firji, har da tarin maƙwabta. Tsohon ya kashe fanka, ya janye akwatin daga jikin firji, ya rataya bargo a taga. Da ya tuna masu karanta labarai suna sa wa makirufo hular soso, sai ya ɗauko tsohon soson wanke-wanke, ya kwance marfin bakin wayar, ya cusa shi ciki. Hayaniya kuwa ta ragu. Ya daɗe yana yaba wa kansa.

Yanzu ga wannan sabuwar ƙara. Autar ta ce ita ba ta yarda ba, in ta sake ji za ta zo ta kwashe shi da kayansa ya koma wurinta. Shi kuwa a ɗakin nan matarsa ta rasu, ba ya son a raba shi da shi.

Da safe ya kira maƙwabciyarsa mai ɗinki, don idonta ya fi nasa. Ta murɗe marfin. Wani wari ya taso, irin na ruwan kwanukan da ya kwana. Soson ya yi baƙi ƙirin, ya yi yauƙi. 'Ya'yan kyankyaso suka watsu a kan tebur, wasu farare fat. Uwar ta tsaya a bakin rami tana kaɗa gashin baki, ga jakar ƙwai maƙale a bayanta.

Mai ɗinki ta yar da wayar, tana goge yatsu a gefen zani. "Tir. Baba, wai nan kake manna leɓenka kullum?"

"Dubi fararen nan," ya ce. "Ban taɓa ganin irinsu ba."

Sai ya tuna yadda yake sumbatar bakin wayar duk lokacin da jikarsa ta yi masa sai da safe. Ya fita ƙofar ɗaki ya yi ta tofar da yawu.

Suka wanke marfin da sabulu, suka shanya. Mai ɗinki ta yanko ƙyalle mai tsabta ta shimfiɗa a ciki. Da yamma ya kira autar.

"Kin ji ko? Tas. Ashe kyankyasai ne 'yan haya."

Layin ya yi tsit, babu fanka, babu tauna. A cikin shirun sai ga wani siririn fito, fiii, yana tafe yana dawowa.

"Baba," in ji autar, "ja numfashi in ji."

Ya rufe baki, ya riƙe numfashinsa. Fiton ya ɗauke.

Mai ɗinki ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta dubi wayar, sannan ta dube shi.

"To wannan fiton kuma, daga ina yake fitowa?"