Miyar Ganyen Teku a Jirgin Araha

Ƙarfe sha biyu saura kwata na rana, yayyafi na sauka a Tokyo kamar ba ya so, Deok-su ya zaunar da kakarsa Gye-sun a kujerar bakin taga ta jirgin ƙasa mai zuwa Osaka. Ta ƙi yarda a ajiye fulas ɗin miyarta tare da kaya, sai ta rungume shi a cinya. Miyar ganyen teku ce, wadda a ƙasarsu Koriya ba a bikin ranar haihuwa ba a sha ta ba, kuma yau yayarta da ke gidan kula da tsofaffi a Osaka take cika casa'in. Rabonsu da juna shekara talatin da ɗaya. Gidan yana sallamar baƙi ƙarfe huɗu, su kuma gobe da sassafe jirgin sama zai mayar da su Busan.

Deok-su kifi yake sayarwa a kasuwa, bai taɓa fita ƙasar waje ba sai da bikin 'yar kawunsa ya kawo su. Shi ya sayi tikiti a waya. Ya ga jiragen ƙasa biyu, dukansu farare masu dogon hanci, ɗaya ya fi araha, har da kyautar lemo. A ganinsa jirgin sauri ai jirgin sauri ne, don haka bai duba lokacin isa ba.

A kujerar gefensa wata mata ce mai furfura kaɗan, tana cin ɗan dunƙulen shinkafa.

"Dubi abincin mutanen nan, kamar na tsuntsu," in ji kaka. "Shi ya sa duk suka bushe."

"Kaka, za ta ji ki."

"Ta ji me? Ina ta san yarenmu?"

Matar ba ta ko ɗaga kai ba.

Jirgin ya tashi da gudu har Deok-su ya yi murmushi. Ya tsaya nan, ya tsaya can, bai damu ba. A wata 'yar tasha kuwa sai ya tsaya ya ƙi tashi. Can wani abu fari ya wuce ta gefensu fuu, har taragon ya girgiza.

"Wancan fa, ɗan kwikwiyona?" in ji kaka, da sunan lelen da take kiransa.

"Wani jirgi ne, Kaka."

"Na ga ba jaki ba ne. Ina za shi?"

A tasha ta gaba suka sake tsayawa, wani ya sake wucewa. Sai a lokacin ya zaro tikitin ya kai idonsa ƙasa, inda ƙananan lambobi suke. Huɗu saura 'yan mintuna. Daga tashar Osaka zuwa gidan tsofaffin kuwa tafiyar minti arba'in ce. Ya sake karantawa, ya bi lambobin da yatsa, ba su canza ba.

Da mai duba tikiti ya zo, Deok-su ya miƙa masa waya tana fassara. Mutumin ya rusuna, ya ba da haƙuri cikin ladabi. Tikitin na wannan jirgin ne kaɗai, masu saurin kuma ba sa tsayawa a waɗannan ƙananan tashoshi.

Dole ya gaya wa kaka. Ya zaci za ta yi faɗa, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta buɗe baki tana kallonsa, kamar fuskarsa baƙuwa ce.

"Wato mu ne masu ba wa mutane hanya."

"Ki yafe mini, Kaka. Na ga duk kamarsu ɗaya."

"Kama da wane ba ta wane. Kai da kake rarrabe kifin jiya da na yau da ido ɗaya." Ta shafa murfin fulas. "Tun asuba na dafa ta. Yayata ce ta riƙa dafa mini muna yara, ko a shekarar da ba mu da shinkafa. Casa'in fa, Deok-su. Kana ganin akwai wata shekarar?"

Ya ɗauko takardar da ke da sunan gidan da lambarsu, ya fita tsakanin tarago ya kira. Wata murya ta yi ta magana da Japananci, shi kuma yana ta maimaita sunan tsohuwar, har aka gaji aka ajiye. Ya dawo ya yar da takardar a kan ɗan teburin kujera, ya rufe fuska da tafin hannu. Kaka ta juya masa baya tana kallon gonakin shayi cikin ruwan sama.

Ya ji matar gefensa ta tashi, ya ji ta dawo bayan wani lokaci. Bai ɗago ba. A tashar Hamamatsu ta ɗauki jakarta ta sauka.

Suna tsaye a nan, sai da jirgin sauri na biyar ya girgiza su ya wuce, sannan idonsa ya faɗa kan takardar. An juya bayanta. Rubutun Koriya ne a kai, karkatacce kamar na ɗan aji ɗaya: "Na kira su. Za su jira har biyar da rabi. Ku bi ta ƙofar baya. Mahaifiyata ma 'yar Busan ce."

Ya karanta wa kaka. Ta sa ya sake karantawa. Kunya ta kama ta, ta dafe baki.

"Duk ta ji ke nan? Har da na tsuntsun?"

Deok-su ya manna goshi a taga yana neman matar a dandamali. Lemomi ne iri-iri ke gangarawa matakala, bai san wacce ce tata ba. Ƙofa ta rufe.

Kaka ta taɓa jikin fulas da bayan hannu. Da sauran ɗumi.