Shekara Talatin da Ɗaya a Kujerar Hagu

Clive Ormerod bai taɓa koyon tuƙi ba. Wannan kowa a layinsu ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne, a makon da ya auri Glenys ya sayo allon da 'yan koyon tuƙi ke ɗaura wa mota guda biyu, farare masu jan harafi, ya yi mata alkawarin cewa kafin kaka shi zai riƙa jan motar. Allunan na nan a durowar kicin, ƙarƙashin tsofaffin takardun naɗe kyauta, shekara talatin da ɗaya. Ita ta kai shi aiki, ita ta kai shi jana'izar mahaifinsa, shi kuwa yana kujerar hagu, wadda a ƙasarsu ita ce ta fasinja, hannu a kan gwiwa, ba abin da yake furtawa sai, "Kula! Kula da wancan!"

A watan Fabrairu likita ya ce tsakiyar ganin Glenys ta tafi. Ta mayar da lasisinta ba tare da gardama ba. Tun daga ranar, zuwa wurin yayarta Dilys a gidan kula da tsofaffi na bayan tudu ya koma hawan bas biyu, na biyun kuma Talata da Juma'a kaɗai yake tashi. Dilys ta fara manta mutane. Duk makon da ya wuce ba a je ba, sai ta ƙara jinkiri kafin ta kira sunan ƙanwarta.

Sau biyu Clive ya zauna jarrabawar ƙa'idojin tuƙi. Tambayoyin bai faɗi ko ɗaya ba. Ɓangaren hango haɗari ne ya kayar da shi: gajerun bidiyo goma sha huɗu, kana kallon titi kamar kai ke tuƙi, da zarar haɗari ya fara tasowa sai ka danna linzamin kwamfuta. Maki arba'in da huɗu ake nema. Ya samu ashirin da tara, sannan talatin da ɗaya. Duka biyun ya dawo gida ya ce wa Glenys an ɗage ranar.

Abin da ya fi ci masa rai, ba wai ba ya gani ba ne. Yana gani fiye da kowa. Motar burodi na tsaye a gefen titi, ya danna. Mace da kare can nesa, ya danna. Na'urar kuwa ba ta ƙirga dannawar da ta riga lokacinta, idan kuma mutum ya yawaita sai ta ɗauke shi mai maguɗi, ta ba shi sifili a wannan bidiyon gaba ɗaya. Shi Clive, wanda bai taɓa tsallaka titi ba sai fitila ta ba shi hannu, shi ne na'ura ke kira mai maguɗi.

Ranar Lahadi da rana yana gwaji a teburin kicin, Glenys na shafa wa burodi man shanu da lalube.

"Clive, kwamfutar ce ta yi maka laifi, ko ƙwai kake fasawa?"

"Gwaji nake yi."

"Na ji. Kat-kat-kat, kamar kaza a kan kwano. Sau nawa ka faɗi?"

Ya ɗaga hannu daga linzamin. "An ɗage ne, na gaya miki."

"Ido na rasa, tsoho, ba kunne ba. Ranar da aka ɗage maka abu, kana fito da baki kake shigowa. Sau biyu ka shigo kamar wanda ya binne kyanwa."

Ya ture kofin shayinsa gefe. "Sau biyu," ya ce. "Wai ina dannawa da wuri. Ki ji fa! Mutum ya hango abu tun daga nesa, a ce laifi ne."

"Shekara talatin ina faɗa maka haka, ba ka ji ba sai da kwamfuta ta faɗa." Ta jawo kujera ta zauna a damansa. "Da a ce duk ihun da ka yi ina taka birki, da har yau ba mu iso gida daga ɗaurin aure ba. Mota a tsaye mota ce kawai. Sai ta kunna sigina, ko tayarta ta motsa, sannan ta zama matsalata. Kunna. Faɗa mini abin da kake gani."

Ta ɗora tafinta a wuyan hannunsa.

"Ga motar kaya a tsaye."

"Bar ta."

"Akwai mutum a ciki, Glenys!"

"Yana cin abincinsa ne, Allah ya ba shi lafiya. Bar shi."

"Ƙofar ta fara buɗewa."

Ta saki hannunsa. Ya danna. Maki huɗu cikin biyar.

Bai yi murna ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, duk shekarun nan ya ɗauka shi ke tsare su daga kujerar hagu, ashe ita tana ganin duk abin da yake gani, kuma tana jure shi a kan hakan.

Ranar Alhamis, a karo na uku, ya ajiye wayarsa da agogonsa a akwatin ɗakin jarrabawa, ya zauna tsakanin wasu mata biyu da bai kai su saurin karatu ba. Bidiyo na uku ya kasa daurewa, ya danna tun mai keken da ke ciki bai karkata ba. A na bakwai ya riƙe yatsansa har gumi ya tsattsafo masa, yana jin kamar da gangan yake barin a buge wani, sai da tsohuwar da ke cikin bidiyon ta sauke ƙafa daga kan dakalin titi. Ya danna, ya numfasa, ya sake dannawa sau ɗaya.

Matar da ke bakin ƙofa ta miƙo masa takarda a ninke. Arba'in da shida.

A cikin bas ya buga wa mai koyar da tuƙi waya. Babu gurbi sai bayan mako uku, jarrabawar titi kuma wata biyar ake jira. Wata biyar. Ya tuna yadda Dilys ta ƙura wa Glenys ido ranar Talata, leɓɓanta na motsi suna neman sunan. Da ya fara a watan Fabrairu. Da ya fara tun yana da gashi.

Da ya isa gida bai cire rigar sanyi ba. Ya jawo durowar, ya ɗaga takardun, ya fito da allunan. Farinsu ya fara komawa ruwan ɗorawa, igiyar ɗaya ta rube, sai da ya yanko zaren ɗaure tumatir daga lambu. Ya durƙusa gaban motar, gwiwoyinsa na ƙara.

Glenys ta fito da sandarta. "Nawa?"

"Arba'in da shida. Amma gobe ma bas za mu hau. Da sauran wata biyar."

"To mu hau." Ta sunkuya ta shafa allon da yatsu, tun daga kusurwa har kusurwa. "Wancan ne? Na durowa?"

"Shi ne."

"A karkace ka ɗaura shi."

Ya kwance zaren, ya sake ɗaurawa.