Kwalin da Ban Buɗe Ba

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullin ɗakin makamai a ofishin Sherif, zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan ƙaramar hukumarmu, can yammacin Oklahoma, kuma magana ɗaya nake nanatawa har kowa ya gaji da ni. Harsashi iri biyu ne. Na atisaye kansa a mulmule yake, in ya huda mutum sai ya fita ya ci gaba da tafiyarsa. Na aiki rami ne a bakinsa, in ya shiga jiki sai ya baje ya tsaya a nan. Ɗan sanda a cikin gari yake harbi. Bayan mutum akwai bango, bayan bangon kuma akwai wani bawan Allah da bai san ana yi ba. Shi ya sa dokar ofis ta ce na aiki kaɗai za ka rataya a ƙugu, wanda kuma aka kama da wani iri kora ce, kuma hukuma ba za ta tsaya masa a kotu ba. Sunana Wendell Purdy, amma saboda wannan wa'azin nawa Fasto suke kirana.

Al'adarmu ce duk watan Afrilu a fita filin harbi. Harsashin aikin da mutum ya shekara yana yawo da shi ya sha gumi, ya sha zafin mota, don haka ranar ake harbe shi ƙarƙaf a jikin allo, a karɓi sabo. Daga nan a zauna a ci naman da Clete Haskins, wanda ya fi kowa daɗewa cikin 'yan sintiri, ya kwana yana gasawa. Takardar karɓar sabon harsashi kuwa tun da safe nake sa kowa ya sa hannu, domin in aka bari sai an ci nama, hannu duk maiƙo, kowa sauri yake.

Waccan Juma'ar su shida ne. Kwalin sabon harsashi ya iso tun Laraba. Na duba rubutun da ke jikinsa, na ga daidai, na jefa shi bayan mota. Ban buɗe ba. Sai da suka harbe tsohon tas, babu ko ɗaya a ƙugun kowa, sannan na sa wuƙa na yanke kwalin. Na atisaye ne a ciki, daga sama har ƙasa.

Clete ya leƙo ta kafaɗata, ya kwashe da dariya. "Fasto ya zo coci ya manta littafi a gida!"

"Rufe mini baki, ka je ka juya namanka," na ce.

Shagon da ke sayar da irin wanda muke so tafiyar awa biyu ce, biyu daga cikin yaran kuma ƙarfe huɗu za su kama aiki. Ga yunwa, ga ƙanshin nama. Na ce kowa ya ɗura wannan zuwa Litinin, zan je da kaina in sauyo. Biyar suka hau ɗurawa. Lorena Tafoya ce kaɗai ta tsaya tana jujjuya guda ɗaya a tafin hannunta. Shekararta uku da mu, uwa ce mai 'ya'ya biyu, ni na koya mata riƙon bindiga tun ranar da ta zo, kuma ita kaɗai ce ke sauraron wa'azina da gaske.

"Fasto, ba kai ka ce ko na kwana ɗaya kada mu kuskura ba?"

Raina ya ɓaci, don gaskiya ta faɗa, a gaban mutane kuma. "Ke, shekara tara rabon da wani ya harba bindiga a bakin aiki a garin nan. Ke ce za ki buɗe mana fage? Ɗura ki zo ki ci nama."

"Malam ya ce a ɗura, ɗaliba sai musu," in ji Clete. Aka yi dariya. Ta ɗura.

Washegari Asabar, wajen ƙarfe uku na rana, wani mutum ya biyo tsohuwar matarsa da adda a gidan mai na bakin hanya. Lorena ce ta fi kusa. Ta yi masa magana sau uku, ya bar matar ya yo kanta, ta harba biyu. Duk wanda ya ga hoton kyamarar gidan man ya san ba ta da zaɓi, kuma duka biyun sun same shi inda na koya mata. Ɗaya ya fita ta bayansa, ya ratsa bangon shagon wanki da ke maƙwabtaka. Odessa Pruitt na tsaye a ciki tana ninke zannuwan gado. Shekara talatin ta yi tana dafa abinci a makarantar firamare, rabin 'yan sandanmu a hannunta suka ci. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Lokacin da na isa, Lorena na zaune a bakin ƙofar motarta. Sherif Kimbrough ya karɓi bindigarta, ya zare gidan harsashin, ya duba na sama, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo mini.

"Wendell, mene ne wannan?"

"Na atisaye ne, Yallaɓai."

"Ina da ido. Me ka ba ta jiya?"

Ga Lorena, ga Clete, ga wasu biyu daga cikin na jiya, kowa ya zuba mini ido. Ta cikin gilashin shagon ina hango kwandon wankin Odessa a kife. Na buɗe baki na ce, "Yallaɓai, yana rubuce a takarda."

Ba ƙarya na yi ba, abin da na dinga faɗa wa kaina ke nan. A rubuce yake, da sa hannunta, cewa ta karɓi na aiki guda arba'in da shida. Lorena ta ɗago kai.

"Fasto?" ta ce. Iyakar abin da ta ce mini ke nan.

Ta juya ga Sherif ta faɗa masa komai, kwalin, da naman, da zuwa Litinin. Ta ce ya duba ƙugun kowa yanzu-yanzu. Sherif ya kalli Clete, Clete ya kalli takalminsa. Kimbrough ba wawa ba ne, ya san in ya duba a nan 'yan sanda shida zai rasa a rana ɗaya, a shekarar zaɓe. Ya ce yanzu ba lokacinsa ba ne, akwai gawa biyu a ƙasa, zai duba bindigar kowa Litinin da safe.

Lahadi bayan coci Clete ya yi tafiyar awa biyun nan. Litinin da safe aka jera bindigogi biyar a kan teburina, kowace cike da mai rami a baki, sabo fil. Kwalin nan kuma na tarar an ɓare rubutun jikinsa, an tura shi cikin sauran na atisaye a kan kantar ajiya. Ni da Sherif kaɗai ke da makulli.

Clete ya tsaya bayan kowa ya fita. "Fasto, kada ka sa abin a ranka. Yarinyar nan harbinta halal ne, za a ɗan ja mata kunne ne kawai. In ka yi magana mu shida ne, kai na bakwai. Ni 'ya'yana uku."

"Ita ma tana da biyu."

"To ka ga uku sun fi biyu," ya ce, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba.

Zan iya cewa saboda saura shekara ɗaya in yi ritaya ne na yi shiru. Zan iya cewa su Clete nake tausayi. Gaskiyar ita ce tsoro ne da kunya. Shekara goma sha ɗaya ina cika baki, ban iya tsayawa a gaban garin nan in ce ni ne na kashe Odessa Pruitt don ƙyuyar yanke kwali ba. Kwana huɗu ban ci abincin kirki ba. Matata ta ce ina zagaye gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, in faɗa mata abin da ke damuna ko in fita mata daga kicin. Na fita.

Laraba aka binne Odessa. Coci ya cika har waje. Mijinta, tsoho mai sanda, ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce ya ji labari ni ne nake ta gargaɗin yaran nan a kan harsashi, Allah ya saka mini, da sun ji maganata da matarsa na nan. Na ce masa amin.

Alhamis da safe na sami mai binciken da jiha ta turo, wani siriri mai tabarau, a ɗakin da aka ba shi. Na zauna na faɗa masa komai ban rage ba. Ya saurara, yana rubutu kaɗan-kaɗan. Da na gama ya jawo takardar Juma'a ya ajiye a gabana.

"Wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Kwalin yana ina?"

"Yana nan, amma an cire rubutun."

"Sauran biyar ɗin duk na gana da su. Kowa ya ce na aiki ka ba shi." Ya cire tabarau yana gogewa. "Ranar Asabar Sherif ya tambaye ka a gaban shaidu, ka ce a duba takarda. Kai ka koya mata harbi, ko? An ce kamar 'ya ka ɗauke ta."

"Ba rufa mata asiri nake ba. Gaskiya nake faɗa maka."

"Na rubuta, Baba," ya ce a hankali, yadda ake lallaɓa tsoho. "Ka je gida ka huta."

Duk da haka na fito da ɗan sauƙi a ƙirjina. Na ce ai yanzu mu biyu ne, ni da ita, baki ɗaya. In ta kai kotu zan tashi in rantse, kowa ya ji.

Juma'a da hantsi Lorena ta shigo ɗakin makamai cikin kayan gida, da jakar leda a hannu. Duk wanda zai bar aiki a wurina yake miƙa kaya. Ta fito da ɗamara, da ankwa, da rigar sulke, da lambar ƙirji, ta jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Ta rame. Ba ta gaishe ni ba.

"Mayar da kayanki," na ce. "Na je na faɗa musu. Komai na faɗa."

Ta tsaya. "Yaushe?"

"Jiya."

"Jiya," ta maimaita. Ta ja kujera ta zauna. "Lauyana ya ce ni kaɗai ce, ga takarda, ga mutum shida, har da kai. Ya ce in na dage suna iya neman a ɗaure ni. In na amsa cewa ni na ɗura da kaina bisa kuskure, zan bar aikin ɗan sanda har abada, amma zan kwana a gida da 'ya'yana. Na ce masa ya jira. Na ce Fasto zai zo, ka ba shi lokaci, tsoho ne, ya firgita ne. Lahadi na jira. Litinin na jira. Talata har mota na ji ta tsaya a ƙofar gida, na fito da gudu, ashe mai kawo wasiƙa ne."

"Lorena, ai ana iya janyewa. Zan je kotu."

"Laraba na sa hannu, a gaban alƙali, da rantsuwa. Lokacin kuna wajen jana'iza. In na janye yanzu, na yi rantsuwar ƙarya ke nan." Ta turo mini lambar ƙirjin da yatsa ɗaya. "Ƙirga kayanka, Fasto. Ina da yaran da zan ɗauko daga makaranta."

Na ƙirga. Komai ya cika. Na miƙa mata takardar miƙa kaya, ta karanta ta layi-layi tun daga sama har ƙasa, ta duba kowane abu a kan tebur, sannan ta sa hannu. A bakin ƙofa ta juyo.

"Babbar 'yata ta tambaye ni ko da gaske ni na kashe Mama Odessa da sakaci, wai haka ake faɗa a ajinsu. Na ce mata eh. Haka na rantse, haka zan ci gaba da faɗa mata."

Ta ja ƙofar a hankali. Na zauna da kayanta a gabana har aka tashi daga aiki, ban iya ɗaga ko ɗaya in mayar kan kantar ajiya ba.