Sunan da Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Karo na biyu ke nan Malama Roda tana mayar wa Asma'u da babin nan na kundin digirinta. In aka sake mayar mata, to ba digiri bana, sai ta maimaita shekara.

Asma'u 'yar Bakori ce, tarihi take karantawa a Zariya. Kundinta a kan yadda manoman auduga suka koma masara ne bayan farin saba'in da uku. Labari kam tana da shi har da ƙari, sai dai kowane shafi "an ce", "wani dattijo ya ce". Ita kuwa Malama Roda, da kan zaunar da ɗalibanta ranar Alhamis tana koya musu rubutun tarihi, ba ta ɗaga ƙafa a nan.

"A hirar ƙofar gida 'an ce' ta isa," in ji ta. "A nan sai an san wa ya faɗa, a ina, yaushe. Wane ne dattijon nan da ya cinye rabin babi?"

Asma'u ta sunkuyar da kai. "Babana ne."

"To, sa sunansa mana."

Haba, faɗa dai ba wuya! Yarinyar da ko maƙwabci mai irin sunan sai ta ce "mai sunan Baba"? Ga shi daminar bara, bayan ya gama ba ta labarin a gindin rumbu, ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Sai hawaye.

Malama Roda 'yar Malumfashi ce, ta san wannan kunyar. Ta sassauta murya. "A wajenmu masana ake kira da suna. Wanda aka ce masa 'wani', maganarsa ba ta zama hujja. In ba za ki iya ba, ki cire nasa, ki nemi wani."

Ta cire nasa? Asma'u ta hau mota sai Bakori, ta zayyana wa mahaifiyarta, Inna, wadda ita ma har ya rasu ba ta taɓa kiran sunan nan ba.

Inna ta ce, "Rubuta. Kada ki bari a ce masa wani."

Asma'u ta rubuta: Malam Mati, manomi, hira a gidansa da ke Bakori, Agusta 1983.

Inna ba ta iya karatun boko ba. Ta matso ta ce, "Nuna mini inda yake."

Asma'u ta nuna. Inna ta ɗora yatsa a kai, ta ƙi ɗagawa.