Makin Manaja

Wata huɗu Auta ta yi a ajin shirin kama aiki na jami'arsu, kuma ba abin da ya zauna mata a ka kamar gwajin intabiyu. Malamin yakan haɗa su bibbiyu, ɗaya na tambaya, ɗaya na amsawa. Da an gama, wanda ya sha tambayoyin zai zaro takarda ya ba mai tambayar maki, ya lissafa masa kurakuransa ido da ido. Sun yi haka ya fi sau talatin.

Kwatsam wani kamfanin sabulu ya nemi ɗalibi ɗaya tak, mai duba kaya kafin a kai kasuwa. Auta na son gurbin nan kamar ranta. Ta ari takalmin yayarta, ya matse ta, ta tafi intabiyun a haka tana ɗingishi.

Manajan, wani mai sanƙo da bai cika ɗaga kai daga wayarsa ba, ya jefo tambaya bakwai, ta cafke duka bakwai ɗin. Daɗi ya kwashe ta har ta manta inda take. Yana cewa, "To, mun gama," hannunta ya faɗa jaka ya fito da takarda da biro.

"Yallaɓai, shida cikin goma," in ji ta, fuska a sake. "Sau biyu kacal ka kalle ni. Ka maimaita tambaya ta uku. Sannan sabulun nan na kan teburinka, a karkace aka manna masa takarda."

Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya aikata. Sakatariyar da ke gefe ta toshe baki da fayil, kafaɗunta na rawa.

Manaja ya ɗauki sabulun, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Shekara biyu yana nan," ya ce. "Masu duba kaya uku sun zauna a kujerar nan, ba wanda ya ce mini uffan. Ki zo Litinin."

Auta ta miƙe. Ta kai bakin ƙofa ya kira ta.

"'Yata, in ina son bakwai fa?"

"Ajiye wayar, Yallaɓai."

Ya kuwa ajiye. Ta sauko matakala da takalmin a hannu, tana dariya ita kaɗai, mai gadi na bin ta da kallo.