Sandar da ke Hagu

Tasi'u makanike na kwance ƙarƙashin taraktar yana ɗaure tiyo na ƙarshe, mai na ɗiga masa a goshi, Alhaji Buba ya sake tambaya karo na biyar.

"Wai har yanzu?"

"Saura kaɗan, Alhaji."

Kwana uku ke nan yana fama. Alhaji ya sayo yatsun ƙarfe daga Maraɗi, irin waɗanda ake liƙa wa cokalin gaban tarakta su damƙi kaya, amma bai sayo abin da zai buɗe su ya rufe ba. Tasi'u ne ya nemo bawul mai sarrafa mai, ya ja tiyo biyu tun daga famfon mai har gaba, ya rage ƙarfin matsi don kada su murƙushe zangarniya. Damin geron Alhaji kuwa na zube a gona bakin hanyar Gazawa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ruwan ƙarshen damina in ya sami dami a ƙasa, sai dai a ba kaji.

Tasi'u ya fito, ya tada injin, ya ja sabuwar sandar da ya ɗaura wa bawul ɗin. Yatsun suka buɗe, suka rufe lafiya lau. Ransa ya yi fari.

Alhaji ya hau, ya gyara babbar riga, ya duba dama, ya duba hagu. Fuskarsa ta canza.

"Me ya kawo ta nan ɓangaren?"

"Dama babu wuri, Alhaji. Sandar cokali ta cinye shi."

"Hatsi za ka sa in ɗauka da hagu? Abincin iyalina?"

Tasi'u ya goge goshi. "Ai ƙarfe ne ke ɗauka, ba hannunku ba."

"Wa ke ba ƙarfen umarni?"

"To ku sauko, ni in tuƙa."

"Taka hagun ba hagu ba ce? Maida ta dama."

Maida ta dama! Sai ka ce hula. Tiyon ba zai kai ba, sai an koma Maraɗi an yanko dogo, kwana biyu ke nan in an dace. Ya yi bayani, ya maimaita, har da zane a ƙasa. Alhaji dai na kallon sama yana jan carbi. Takaici ya ishi Tasi'u, ya ji kamar ya kwance kayansa ya hau babur.

Iska mai sanyi ta taso. Tasi'u ya tuna yawan bakin da ke ci daga rumbun Alhaji, sai ya jefar da sufanar da ke hannunsa.

"Ku tuƙa, mu je."

A gona ya tsaya kan matakalar hagun taraktar, ya riƙe ƙarfen rumfa da hagu, sandar da dama. Alhaji na ɗaga cokali yana cewa "kama," "saki," shi kuma yana ja yana turawa, hayaƙi na shigar masa hanci, kowace kunya na girgiza masa ƙugu. Haka suka yi ta loda tirela har la'asar. Damin ƙarshe na shiga ƙarƙashin tamfol, yayyafi ya sauko.

Tasi'u ya diro.

"Jibi in Allah ya kai mu zan kawo dogon tiyo."

Alhaji ya shafa gemu yana duban tirelar. "A'a, kada ka wahal da kanka, haka ma ya yi daidai. Gobe dai ka zo da wuri, akwai gonar Cadawa."