Tukuicin da Ba a Gani Ba

Taufiq ne ya ɗauki nauyin bikin ƙanwarsa Mansura tun daga rumfa har ruwan sha, kuma tun farko ya yanke cewa ba zai yi liƙi ba. A ofishinsu na Abuja ya saba cewa liƙi ƙauyanci ne: babba da gemunsa yana manna wa wani kuɗi a goshi, mata suna tattakewa da takalmi.

Ba rowa ce ta hana shi ba. Da hantsin ranar walima ya zauna a ɗakinsa na haya a Iku, ya tura wa kowa tukuicinsa ta waya, ban da kuɗin aikin da ya riga ya biya. Gidiyon mai gabatarwa ya samu, Luka mai hoto ya samu, haka mai kiɗa. Kowa ya bugo yana sa albarka.

Gwaggonsa Yalwa da ta zo daga Zariya ta ji abin da ya yi, ta dube shi kamar wanda ya zuba gishiri a koko.

"Ɗan nan, akuyar da ta ƙoshi ba ta bin mai dusa."

Ya ce mata zamani ya canza. Ta ce to, ta ci gaba da ɗaurin ɗankwalinta.

Abin da bai faɗa mata ba shi ne Tayyiba, 'yar Alhaji Sabo kawun ango. Ba a kai magana gida ba tukuna. Tayyiba ta ce ya bari Baba ya gan shi a wurin biki, domin Baba ba ya ba da 'ya ga mai matsattsen hannu.

Bayan la'asar filin da suka kama a unguwar Magajiya ya cika. Sai ga Khamis, ɗan kawun Taufiq, mai sayar da caja da rigar waya a bakin titin Sabon Wuse. Babbar rigar da ke jikinsa ta Taufiq ce, aro. Kuɗin motar da Taufiq ya ba shi kuwa, ya tsaya wurin masu canji a bakin ƙofa ya mai da su sababbin ƙananan takardu masu ƙamshin banki.

Kiɗa na tashi Khamis ya shiga fili. Bai yi gaggawa ba. Yakan zaro takarda ɗaya, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, sannan ya manna wa Gidiyon a goshi. Gidiyon, wanda tukuicin Taufiq ya riga ya kwanta a asusunsa babu mai ƙwacewa, ya juya ga wanda hannunsa ke motsi. Nan take Khamis ya zama Oga Khamis, ya zama Alhaji, ya zama ruwan sama mai jiƙa na kusa da na nesa. Luka ya bi shi da kyamara yana tafiya da baya, har ya taka ƙafar Taufiq ya ce masa ya ɗan matsa.

An ambaci sunan Taufiq sau ɗaya, lokacin da ake neman a gyara fakin ɗin wata mota.

Ya matsa kusa da Gidiyon ya tuna masa saƙon safe. Gidiyon ya kare makirufo da tafin hannu, ya ce wallahi oga ya gani, Allah ya ƙara buɗi, amma ai ba a yi wa waya kirari. Ya koma wurin Khamis.

Ana shirin tashi Alhaji Sabo ya yafito Taufiq. Ya je ya durƙusa a gabansa. Tayyiba na can bayan kujerar uban, tana gyara mayafi.

"Kai ne wan amarya?"

"Ni ne, Baba."

"Wancan yaron mai farar riga fa?"

Taufiq ya ce ɗan kawunsa ne. Alhaji ya jinjina kai, ya ce da gani ɗan mutunci ne, shi ya fitar da gidansu kunya yau. Ya tambaya ko yaron yana da iyali. Sannan ya rage murya, kamar mai yi wa ɗansa nasiha, ya ce bikin ƙanwa guda, mutum ya tsaya hannu a aljihu kamar ɗan kallo, ba ya yi wa namiji kyau.

Taufiq ya zaro waya. Shaidar duk abin da ya tura tana ciki, da suna da komai. Ya fara laluben wurin da babban yatsa.

Alhaji Sabo ya waiwaya wajen 'yarsa.

"Kin gani ko? Ina yi masa magana yana danna waya."